Misali marar asali: tsokaci kan wata ɗabi'a a rubuce-rubucenmu

Ƙamus ɗin da aka buga a Landan a 1949 yana ɗauke da suna biyu a bangonsa: R. C. Abraham da Malam Mai Kano. Da aka sake buga shi a 1962, sunan Abraham kaɗai ya rage. Kafin nan, Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram da Barth ya kai Ingila a 1855, shi ne babban tushen Hausar da Schön ya tattara cikin Magana Hausa (1885), amma a ɗakunan karatu sunan Schön ake nema.

Mukan kawo waɗannan misalai a aji don sukar Turawa. Sai dai maƙalolinmu na yau ba su tsira ba. Marubuci zai jera jimloli, ya sa wa wasu tauraro, wato "ba a faɗin haka", bai gaya mana wa ya faɗa ba, ko a wane gari, ko kunnensa kawai ya tambaya. Alhali mutumin Adar yana cewa hwari inda Bakano ke cewa fari. Tauraron Kano ba lalle ya haska a Tawa ba. Jimlar da ba a san bakin da ta fito ba, babu mai iya komawa ya tantance ta.

Dalilin da ake bayarwa shi ne kare sirrin mai ba da bayani. Mun yarda, in shi ya nemi haka. Amma ɗalibin da aka tura ƙauye da rakoda, ya kwana yana rubuta abin da ya ɗauko, bai roƙi a ɓoye shi ba. Shi ma sunansa ba ya cikin takardun da malaminsa ke aika wa CAMES don neman ƙarin girma.