Itace, Murhu da Doka: Sharhi a Kan Manufofin Gwamnati Game da Muhalli da Makamashi a Ƙasar Boɗinga da Shagari

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a auna manufofin da gwamnatocin Nijeriya suka tsara don kare muhalli da samar da makamashi, a ga irin amfanin da suka yi wa talakan karkara. An zaɓi Ƙananan Hukumomin Boɗinga da Shagari na Jihar Sakkwato don su zama ma'auni. Ƙidayar 2006 ta nuna akwai mutum fiye da 170,000 a Boɗinga, da fiye da 150,000 a Shagari, akasarinsu manoma da makiyaya, waɗanda kusan duk abincinsu da itace ake dafa shi. Ra'ayin da za a kare a nan shi ne, gwamnati ta raba abu biyu da ba su rabuwa, wato itacen da ke tsaye a gona da wutar da ke ci a murhu. Muddin kuwa ba a haɗa su cikin tsari guda ba, dashen itatuwa zai ci gaba da zama aikin baban giwa.

2.0 Waiwaye a Kan Manufofin

Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, da wanda ya biyo baya a 1983 da 1984, su ne suka farkar da hukuma game da gurgusowar hamada. A 1973 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, wadda ta gina madatsun Bakolori da Goronyo, daga baya kuma ta gina wata ƙarama a Shagari. A 1979 aka yi dokar kafa Hukumar Makamashi ta Ƙasa. A zamanin mulkin Alhaji Shehu Shagari, ɗan wannan ƙasa da muke magana a kai, aka ƙaddamar da shirin bunƙasa noma a 1980, aka kuma buɗe Cibiyar Binciken Makamashi a Jami'ar Sakkwato a 1982.

Ta fuskar muhalli kuwa, sai da aka jibge shara mai guba daga Italiya a garin Koko a 1988 kafin a kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a wannan shekara. Daga nan aka fitar da manufar muhalli ta ƙasa a 1989, da dokar auna illar manyan ayyuka ga muhalli a 1992, aka kuma kafa Ma'aikatar Muhalli a 1999. A 2015 aka yi dokar hukumar da ke kula da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Sakkwato kuwa tana cikin jihohi 11 da shirin ya fara shafa. A 2021 aka sa hannu a kan dokar sauyin yanayi, Bankin Duniya kuma ya amince da rancen dala miliyan 700 don farfaɗo da ƙasar noma a jihohin Arewa 19 da Abuja. A 2024 Majalisar Zartarwa ta amince da manufar girki mai tsabta.

Duk wanda ya dubi wannan jeri zai ga cewa ba a rasa doka ba, ba a kuma rasa hukuma ba. Abin tambaya shi ne me ya canza a madafar matar Sifawa ko ta Kajiji cikin waɗannan shekaru hamsin.

3.0 Inda Gizo Ke Saƙar

3.1 Dashe ba Reno

Aibi na farko shi ne yadda ake auna nasarar dashen itatuwa. Al'adar da aka saba ita ce, da damina ta kankama sai manyan ma'aikata su hallara, a dasa dogonyaro da turare, a faɗi yawan dashen da aka raba, a watse. To, amma damina a ƙasar Sakkwato wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba, sauran wata takwas rani ne. Dashen da ba a yi masa shinge ba, ba a kuma ɗora wa kowa alhakin ba shi ruwa ba, da wuya ya tsallake bakin awaki da zafin bazara. Rahoton da ya dace hukuma ta riƙa bayarwa shi ne na yawan itatuwan da suka rayu bayan shekara uku, domin shi ne zai nuna ko kuɗin jama'a sun tafi a banza ko sun yi amfani.

3.2 Hani ba Madadi

Aibi na biyu ya fi na farko girma. Dokar gandun daji ta hana saran itace, amma manufar farashin makamashi tana tura jama'a daji da gatari. Kananzir, wanda shi ne madadin itace ga ƙaramin ma'aikaci da ɗan kasuwa, an janye masa tallafi a Janairun 2016, lokacin da farashinsa na hukuma yake naira 50 kowace lita. Zuwa 2023 lita ɗaya ta haura naira 1,000. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin fetur, kuɗin sufuri ya tashi, ya kuma ja farashin komai. Iskar gas kuwa tana bukatar a sayi tukunya da murhunta tun farko, sannan a riƙa zuwa inda ake ɗurawa, abin da ya fi ƙarfin yawancin magidantan ƙauye.

Sakamakon haka shi ne, gidajen birni da dama da suka bar itace sun koma gare shi da gawayi. Boɗinga tana bakin babbar hanyar da ta fito daga Sakkwato ta nufi Shagari da Tambuwal har Jega, saboda haka bukatar birni kan faɗa kan dazukan da ke kusa da wannan hanya. Idan manyan itatuwa irin su ƙirya da marke suka ƙare, sai a koma kan sabara da kalgo da geza. Idan su ma suka yi wuya, sai a ƙona kara da kashin shanu, waɗanda su ne takin gona. Ta haka matsalar murhu ke zama matsalar rumbu.

Ba a nan abin ya tsaya ba. A watan Afrilun 2022, cikin azumi, wani kwalekwale ya kife a gulbin Shagari, mutum 29 daga ƙauyen Gidan Magana suka rasu, akasarinsu yara da matasa. Rahotanni sun nuna cewa itacen girki za su nemo a ƙetaren ruwa. An ɗauki wannan musiba a matsayin haɗarin jirgin ruwa, aka yi maganar lodi da rigunan kariya, wanda daidai ne. Sai dai ya kamata a tambaya, me ya sa yaro zai ƙetare gulbi don neman abin hura wuta? Amsar tana cikin manufar makamashi. Haka nan hayaƙin murhu, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana halaka mutum kimanin miliyan 3 a duniya kowace shekara, mata da ƙananan yara ya fi cutarwa, su ne kuwa ba a jin muryarsu wajen tsara manufa.

3.3 Bincike ba Yaɗawa

Aibi na uku shi ne tazarar da ke tsakanin ɗakin bincike da kasuwar ƙauye. Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato ta daɗe da ƙera murhu mai tsimin itace, da na'urorin dafa abinci da busar da amfanin gona da hasken rana, da na samar da iskar girki daga kashin dabbobi. Amma waɗannan abubuwa sun fi yawa a wuraren baje koli. Da Gwamnatin Tarayya ta tashi yin hoɓɓasa a 2014, sai ta amince da kashe naira biliyan 9.2 don sayo murhu 750,000 a raba wa mata, shirin da ya ƙare cikin taƙaddama. Da an kashe wani kaso na wannan kuɗi wajen koya wa maƙera da masu ginin tukwane na karkara yin murhun da kayan gida, da sana'ar ta zauna a hannun jama'a, ko gwamnati ta canza ko ba ta canza ba. Irin wannan jinkiri ya sami tashar lantarki mai ƙarfin megawat 38 da Gwamnatin Jihar Sakkwato ta ba da kwangilarta a 2008, wadda ta shafe fiye da shekara goma ba ta ba jama'a wuta ba.

3.4 Itacen Wa?

Aibi na huɗu ya shafi mallaka. Dokar ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna, dokokin gandun daji kuma tun zamanin En'e sun sa manomi yana ganin wasu itatuwan gonarsa kamar na hukuma ne, yana tsoron malamin daji. Mutum kuwa ba ya renon abin da ba shi da tabbacin zai ci moriyarsa. Ga kuma rarrabuwar aiki: daji yana hannun jiha, farashin mai da gas yana bin manufar tarayya, ruwan madatsa yana hannun hukumar koguna, ƙaramar hukuma wadda ta fi kowa kusa da jama'a ita ce mafi ƙarancin iko da kuɗi.

4.0 Darasi Daga Maƙwabta da Tarihi

Za a iya cewa yawan jama'a da ƙarancin ruwan sama sun fi ƙarfin kowace manufa. Wannan hanzari yana da ƙamshin gaskiya, amma abin da ya faru a Jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar ya raunana shi. Tun daga wajen 1984 manoma a can suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani. Maimakon a tumɓuke kututture a ƙone lokacin sharar gona, sai a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi daga tohon a bar su, a sassabe sauran. Da yake saiwar ta riga ta yi nisa cikin ƙasa, itacen ba ya bukatar ban ruwa. Da hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata itacen nasa ne, sai abin ya bazu. An ƙiyasta cewa an farfaɗo da kadada kimanin miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200 a kudancin Nijar. Gawo, wanda ke kaɗe ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya kuma ba dabbobi abinci da rani, shi ne kan gaba. Waɗannan manoma Hausawa ne, ruwan samansu kuma bai kai na Shagari ba.

Ta fuskar tarihi ma ƙasar nan ba baƙuwar tsarin kare ƙasa ba ce. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga. Malam Abdullahi ya wallafa littafin Ta'alimur Radi a kan hukunce-hukuncen mallakar ƙasa da raya matacciyarta da keɓe hurumi. Manufar da aka gabatar wa jama'a da harshen hurumi da burtali da makiyaya, ta bakin hakimai da limamai, za ta fi saurin shiga zuciya bisa wadda aka fassaro daga takardun taron ƙasashen waje.

5.0 Shawarwari

Na farko, Majalisar Dokokin Jiha ta fayyace a rubuce cewa itacen da manomi ya rena a gonarsa nasa ne, yana da ikon sassabe shi da sayar da rassansa. Na biyu, malaman gona su koyar da sassaben zamani a kowace gunduma, a kuma kai manoman Boɗinga da Shagari Maraɗi su gani da idonsu. Na uku, a haɗa Cibiyar Binciken Makamashi da maƙera da ƙungiyoyin mata, a fara da makarantun kwana da gidajen burodi da masu tuwon sayarwa, domin su ne suka fi cin itace. Na huɗu, kowane ƙauye da ke bakin gulbi a keɓe masa gandun itacen wuta a ɓangarensa, ƙarƙashin kulawar mai gari. Na biyar, jiha ta yi amfani da damar da dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi, ta kafa ƙananan tashoshin hasken rana don asibitoci da famfunan ban ruwa. Na shida, kwalejojin ilimi su sa wannan darasi cikin horon malaman firamare.

6.0 Kammalawa

A taron Gilasgo na 2021 Nijeriya ta yi alkawarin daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da 2060. Alkawari ne mai kyau, amma a ƙasar Boɗinga da Shagari ma'aunin cika shi mai sauƙi ne: nisan da yarinya ke yi kafin ta samo itacen da za a dafa tuwon dare. Idan nisan yana raguwa, manufa tana aiki. Idan yana ƙaruwa, to wajibi ne masu tsara ta su sake zama, su kuma gayyaci manomi da matarsa wajen zaman. Ina fatan mahalarta za su faɗaɗa wannan bincike zuwa sauran gundumomin jihar. Allah Ya sa mu dace, amin.