Tarihi da Kimiyyar Siyasa a Nazarin Hulɗar Ƙasa da Ƙasa: Darasi Daga Katagum

1.0 Gabatarwa

Masana tarihi da masana kimiyyar siyasa sun daɗe suna noma gona ɗaya, wato nazarin hulɗar ƙasa da ƙasa, amma kowa da irin fartanyarsa. Masanin tarihi yakan riƙi al'amari guda ya bi diddiginsa ta rubutattun takardu da ruwayoyin baka. Masanin kimiyyar siyasa kuwa ra'i yake nema, wanda zai bayyana halin ƙasashe a ko'ina suke. A wannan sharhi za mu auna hanyoyin biyu da abin da ya gudana a ƙasar Katagum a ƙarni na 19.

2.0 Katagum Tsakanin Dauloli Biyu

Malam Zaki ne ya kafa masarautar Katagum a zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ta kuma zama bakin iyaka tsakanin Daular Sakkwato da ta Barno. Shi ne ya ci Birnin Gazargamu karo na biyu, bayan cin da Gwani Mukhtar ya yi mata a 1808, amma birnin bai zauna a hannunsa ba. Shehu Laminu Alkanemi shi ma ya kutso yamma da runduna, har Sarkin Bauchi Yakubu ya tare shi a 1827.

Mai bin ra'in da Kenneth Waltz ya shimfiɗa a 1979 zai ce babu abin mamaki a nan: dauloli biyu da babu wata hukuma a samansu dole kowace ta dogara da ƙarfinta, kuma iyaka takan tsaya ne inda ƙarfi ya zo daidai. Wannan bayani yana da amfani, domin yana ba ɗalibi damar kwatanta Katagum da kowace iyaka a duniya.

Sai dai a ganinmu ra'in ya bar abubuwa biyu a baya. Na farko, wasiƙun da Alkanemi da Muhammadu Bello suka yi musaya, waɗanda Bello ya kawo a cikin Infaƙul Maisuri, muhawara ce kan halacci: shin ya halatta a yaƙi ƙasar Musulmi saboda saɓon da ake yi a cikinta? Alkanemi ya kafe kan cewa saɓo ba ya kafirta mutum. Lissafin dawaki da mashi ba zai fassara wannan ba. Na biyu, ra'in yana ɗaukar daula tamkar mutum ɗaya mai murya ɗaya, alhali Sarkin Haɗeja Buhari ya bijire wa Sakkwato a shekarun 1850, ya addabi Katagum duk da cewa daularsu ɗaya.

A nan ne masana tarihi suka yi fice. R. A. Adeleye (1971) ya bi sawun mulki da diflomasiyyar daular, Victor Low (1972) kuma ya tattara ruwayoyin baka na Gombe da Katagum da Haɗeja. Amma su ma da nasu rauni. Idan malami ya tsaya ga labari kawai, darasi yakan koma jerin sarakuna da yaƙe-yaƙe, ɗalibi ya haddace, ya kasa cewa me ya sa.

3.0 Shawarwari

Illar wannan rarrabuwa a kan ɗalibi take faɗawa. Yaron Zadawa ko Azare da aka fara koya masa hulɗar ƙasashe daga yarjejeniyar Wesfaliya ta 1648, ko daga 'yancin Nijeriya na 1960, zai ɗauka kakanninsa ba su san jakadanci ba. Saboda haka muna ba da shawarar:

(a) a sanya muhawarar Bello da Alkanemi, cikin sassauƙar Hausa, a darasin karatu na babbar sakandare;

(b) a buƙaci ɗalibi ya fara ba da labarin, sannan ya gwada ra'i a kansa, ya nuna inda ya dace da inda ya gaza;

(c) a daidaita kalmomin fannu kamar halacci da mubaya'a da amana da daidaiton ƙarfi, domin malamai su yi magana da baki ɗaya.

4.0 Kammalawa

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tarihi ne ke kawo hujja, ra'i kuma ke koya wa ɗalibi tambayar da zai yi wa hujjar. Manhajar da ta raba su za ta yaye ko dai mai haddar sunaye, ko mai ra'in da bai san ƙasarsa ba.