Padmaavat: Inda Fim Ya Rufe Bakin Tarihi

Daga kasuwar Gaya zuwa Ajingi, da wuya ka rasa shagon tura fim a waya, kuma tun da masu fassara irin su Algaita suka sa Indiyawa magana da Hausa, fim ya zama malamin tarihin Indiya ga yawancinmu. Shi ya sa ya kamata mu duba irin karatun da malamin ke biya mana.

Mu ɗauki Padmaavat na Sanjay Leela Bhansali, wanda ya fito a 2018. Wajen ado, kiɗa da ɗaukar hoto, sai dai a jinjina masa. Ranveer Singh kuwa ya taka rawar Sarki Alauddin Khalji har mai kallo ya tsane shi, kuma a nan gizo ke saƙar.

Alauddin ya mulki Delhi daga 1296 zuwa 1316, ya ci birnin Chittor a 1303. Wannan tarihi ne. Amma labarin cewa ya kai yaƙin ne don kwaɗayin Sarauniya Padmavati, daga waƙar Malik Muhammad Jayasi ta 1540 ya fito, shekara 237 bayan yaƙin. Amir Khusrau, mawaƙin fadar da ya bi sarkin har fagen daga, bai ambaci sunanta ba. Ba waliyyi ba ne Alauddin: kashe kawunsa Jalaluddin ya yi ya hau gadon mulki. Sai dai shi ne kuma ya kori Mongolawa daga ƙofar Delhi, ya ƙayyade farashin hatsi a kasuwa. Fim ɗin ya fi son ya nuna mana shi yana yagar nama kamar kura.

Mutanen Gaya sun san darajar labarin baka. Kowa ya ji cewa maƙeran Abagayawa daga Gaya suka tashi zuwa Dala neman tama, muna kuma alfahari da hakan, amma mun san labarin kaka da kakanni ne. Padmaavat ma ya faɗa a farkonsa cewa waƙa ya bi, ba ya iƙirarin tarihi. Sai dai rubutun ba da Hausa yake ba, kuma daƙiƙu kaɗan yake yi ya wuce.

Saboda haka nauyin yana kan masu fassara. Duk fim ɗin tarihi da za su juya, su fara karanta wannan gargaɗi da murya kafin a buga tambarin yaƙi. Yaron da ya kalla a Ajingi ba shi da wani littafin da zai gyara masa.