Barde a kan takarda: daga Italiya zuwa hawan Zazzau

A shekarar 1633 jakadan ƙasar Folan ya shiga birnin Rum da ayarin dawaki da raƙuma, wani matashin mai zane ɗan Filorens, Stefano della Bella, ya tsaya yana kwafe abin da idonsa ya gani. Daga baya ya fitar da hoton jerin gwanon a kan faranti shida na tagulla. Duk mutumin Ikara, Maƙarfi ko Kudan da ya taɓa bin tawagar hakiminsa zuwa Zariya hawan sallah zai gane abin nan take: manya a tsakiya, zagage a ƙasa, 'yan kallo a gefe.

Aikin yana da wuya. Ana shafe farantin da kaki, a zana hoton da tsinin allura, a tsoma shi cikin ruwan asid ya ci wuraren da allurar ta buɗe, sannan a shafa tawada a danna takarda. Faranti ɗaya sai ya ba da hotuna masu yawa, shi ya sa mai ƙaramin ƙarfi ma ya iya mallakar hoton mahayi. Della Bella, wanda ya rasu a 1664, ya bar irin wannan aiki sama da dubu, har da jerin mahaya baƙar fata da na Folan da na Hangari. Kafinsa wani mai zane, Antonio Tempesta, ya fitar da hotunan dawakan ƙasashe daban-daban a 1590.

Abin da ya ɗaga darajar waɗannan hotuna shi ne lura. Suna nuna yadda mahayi ya kafa ƙafa a likkafa, yadda linzami ya tanƙwara wuyan doki, da inda nauyinsa ya koma in ya ɗaga ƙafafun gaba. Hannun da ya san doki ne kaɗai ke iya wannan.

Mahayan yankinmu ma sun shiga bugu. Littafin matafiya Turawa Denham da Clapperton na 1826 yana ɗauke da hoton barden Shehun Borno cikin sulke, da na Bagarmi shi da dokinsa cikin lifidi. Har yau masu tarihi na komawa gare su don sanin kayan yaƙin lokacin.

A ƙasar Zazzau abin zanawa bai ƙare ba. 'Yan lifida da kwalkwalinsu, jalala da ɗan kai, ƙurar jafi a ƙofar fada, duk suna nan kowace sallah. Sai dai yawancin hotunan suna tsayawa ne a waya da kalanda, su ɓace in waya ta lalace ko shekara ta juya. Sashen koyar da zane na Jami'ar Ahmadu Bello yana Samaru, tafiyar da ba ta da nisa daga Kudan. Ɗalibansa za su iya zama da masu ɗinkin kayan doki da barorin hakimai, su zana kowane sirdi da sunansa da garin da aka yi shi.