Littafin Jim Corbett Da Hakkin Mai Bindiga

A cikin littattafan da Turawa suka rubuta a kan harbi, kaɗan ne suka yi suna kamar Man-Eaters of Kumaon, watau Maciya Mutane na Kumaon, wanda aka buga a shekarar 1944. Mai littafin, Jim Corbett, Bature ne haifaffen Indiya. An haife shi a Naini Tal cikin 1875, ya rasu a Kenya cikin 1955. Kumaon kuwa ƙasa ce ta duwatsu a arewacin Indiya, kan iyakar Nepal. Dabbar da littafin ya ke magana a kanta ita ce damisar Indiya, wadda ta fi damisar ƙasar Hausa girma nesa ba kusa ba. Jikinta ratsi-ratsi ne, girmanta ya kan kai na zaki ko ya fi.

Masu sha'awar bindiga da yawa su kan karanta littafin nan don su ji irin bindigar da gwani ya riƙe. Ba su yi laifi ba, gama zancen yana ciki. Amma wanda ya karanta da natsuwa zai tarar babban abin da littafin ya ke koyarwa shi ne, harsashin da aka sake ba da gwaninta ba, wani ne ya kan biya bashinsa.

A duba labari na fari. Wata damisa ta Champawat ta kashe mutum 436 tsakanin Nepal da Kumaon kafin Corbett ya harbe ta a 1907. Da ya buɗe bakinta sai ya ga fiƙoƙinta biyu na dama, na sama da na ƙasa, a karye su ke, ya kuma tabbata harsashi ne ya karya su. Watau wani ya taɓa harbinta, bai kashe ta ba, bai kuwa bi sawunta ba. Da ta kāsa kama barewa da gyadon dawa, sai ta koma kan mata masu yankan ciyawa. Damisar Thak ma, wadda ya harbe a 1938, ya sami tabon harbi a jikinta. Ba dukansu ne bindiga ta ɓata ba: ta Mohan kibiyoyin beguwa ne suka ruɓe mata a ƙafa, ta Chowgarh kuwa tsufa ne da lalacewar haƙora. Duk da haka Corbett ya nuna a fili cewa damisa lafiyayya ba ta cika neman mutum ba, kuma sau da yawa hannun ɗan Adam ne mafarin ɓarnar. A nan darajar littafin ta ke.

Abu na biyu da ya cancanci yabo shi ne yadda ya ke zancen zaɓen bindiga ba da fariya ba. Yana da babba mai baki biyu, yana kuma da ƙarama mara nauyi ta kamfanin Rigby na Landan, wadda faɗin bakinta bai fi rubu'in inci da ɗan kaɗan ba. Ran da ya gamu da damisar Chowgarh a 1930, ƙaramar ce a hannunsa na dama, hannun hagu kuwa yana riƙe da ƙwan yautai biyu da ya tsinta. Ya waiwaya sai ga ta kwance, tsakaninsu ƙafa takwas. Da hannu ɗaya ya juyo bakin bindiga sannu sannu, har ya daidaita, sa'an nan ya ja kunama. Shi da kansa ya ce da babbar ce a hannunsa da bai iya juya ta haka ba. Ke nan bindiga mai kyau ita ce wadda mai ita ya ke iya sarrafawa a lokacin tsanani, ko da ba ita ce mafi tsada ko mafi ƙara ba. Bai kuma ɓoye kurakuransa ba. A Champawat harsashi uku kaɗai ya fita da su, suka ƙare, sai da ya ari wata tsohuwar bindiga mai lahani. A Chowgarh da fari 'yar ya harbe a maimakon uwar, uwar kuwa ta ci gaba da kisa.

Amma littafin yana da nasa aibu, bai kuwa kamata a rufe ido a kansa ba. Akwai labarin wani ƙasaitaccen namijin damisa na Powalgarh, wanda bai taɓa cin mutum ba. Maharba sun yi shekaru suna nemansa saboda girmansa kurum. Corbett ya harbe shi a 1930. Harbin fari ma bai kashe shi ba, rauni ya yi masa a ka, sai bayan kwanaki ya ƙarasa shi. Da aka gwada, tsawonsa ƙafa 10 da inci 7. Corbett ya ba da labarin nan da zaƙin baki kamar sauran, bai tsaya ya auna kansa da mudun da ya auna waɗansu ba. Ina bambancin harbinsa na fari da na mutumin da ya karya fiƙoƙin damisar Champawat? Bambancin ɗaya ne, shi ya bi sawu har ya gama. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne, amma bai amsa tambayar dalilin harbin tun da fari ba.

Aibu na biyu, mutanen ƙauyukan da aka cinye yawancinsu ba su da suna a littafin. An san sunan karen Corbett, Robin, har an ba shi babi guda. Matan da suka mutu a bakin ciyawa kuwa sai a ce wata yarinya, ko wata mace. Ya nuna tausayinsu da gaske, amma mai karatu ya kan fita ya fi sanin damisa da bindiga bisa ga waɗanda abin ya faɗa wa.

Abin da ya biyo baya ya ƙara wa littafin nauyi. Corbett ya koma ɗaukar hoton damisa na majigi, ya kuma yi gargaɗi cewa za a ƙare ta in ba a tsare ta ba. Ƙidayar da aka yi a Indiya cikin 1972 ta sami 1,827 kaɗai, a shekarar nan kuwa aka kafa dokar kare namun daji. Gandun dajin da aka keɓe a 1936 yanzu sunansa ya ke amsawa. Ƙaramar bindigar nan kuma kamfanin Rigby ya sake sayenta a 2015, masu sha'awa suna zuwa kallo.

To, kallon bindiga ba shi da wuya. Abin da ke da wuya shi ne ɗaukar ka'idar mai ita: kada a harba sai an tabbata abin da a ke harbi, kada a harba daga inda ba a iya kashewa, in kuwa an yi rauni a bi sawu kome wuya. Maharban ƙasar Hausa sun san haka game da ɓauna mai rauni tun kaka da kakanni. Wanda ya mallaki bindiga don nishaɗi, ya karanta littafin nan bai fita da ka'idar nan ba, ya sha romo ne ya bar nama a tukunya.