Jinjina ga Malaman Ma'aikatan Jinya

Kafin ma'aikaciyar jinya daga Kano ko Kaduna ta samu lasisin aiki a Ingila, sai ta ci jarrabawar Turanci, IELTS ko OET, ta ci ta kwamfuta da ake kira CBT, sannan ta yi OSCE, inda ake zuba ido a kan aikin hannunta. Akwai malamin da ya kai ta nan, ba kasafai ake ambatonsa ba.

Shi ke tsayawa a kanta tana juya mutum-mutumin roba a gado, ta yi ta maimaitawa har hannu ya saba, domin tsohon da ba ya iya motsi, in ba a juya shi a kan kari ba, gyambo ke cin bayansa. Shi ke koya mata ta wanke hannu, ta gaida majinyaci, ta nemi izininsa kafin ta taɓa shi. Wallahi wannan ladabi ya fi takardar shaida daraja.

Ɗalibai su tafi, kuɗin da suke aikowa ya riƙe gidaje, malam kuwa yana nan ya karɓi sabon aji. Asibitocinmu ma da yaransa suke tinƙaho.

Duk wadda Allah ya buɗa mata, ta waiwayi malaminta.