Keɓaɓɓun Kalmomin Ofera da na Waƙar Fada: Tsokaci a Kan Aron Ma'auni

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba wata al'ada da ake gani a rubuce-rubucen ɗalibai, wato ɗauko kalmomin waƙar Turai, musamman na ofera, a jingina wa waƙar fada ta Hausa. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa kowane rukunin kalmomi abin da al'ummarsa ta ɗauka da muhimmanci yake aunawa, don haka aron nan yakan ɓatar da mai nazari.

2.0 Kalmomin Ofera

Ofera wasan kwaikwayo ne da ake rerawa tare da kiɗa. Ta tsiro ne a Italiya wajen 1600, kuma a 1607 aka gabatar da Orfeo na Monteverdi a fadar Mantuwa. Ashe ita ma a fada ta yi ƙuruciya. Sai dai kalmominta sun fi karkata ga murya: sofirano ita ce mafi tsinin muryar mata, alto na ƙasa da ita, tena ita ce muryar maza mai tashi, bas kuwa mafi kauri. Ariya waƙa ce da mutum ɗaya yake rerawa, koras kuma taron mawaƙa ne. Libireto shi ne rubutaccen matani, wanda galibi wani ne yake tsara shi, wani ya sa masa kiɗa, wasu su rera. Alal misali, a Auren Figaro na 1786, Da Ponte ne ya rubuta matanin, Mozart ya tsara kiɗan.

3.0 Kalmomin Waƙar Fada

Bahaushe ba da tsinin murya yake rarrabe makaɗa ba. Da kayan kiɗa da ubangida yake sanin su: Ibrahim Narambaɗa makaɗin kotso ne na Sarkin Gobir na Isa, Salihu Jankiɗi kuwa Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar III ne. A cikin ƙungiya kuma aiki ake dubawa. Akwai jagora, akwai 'yan amshi, akwai sanƙira mai fayyace zance da zuga. Ita kanta waƙar tana da gindi, wanda ake komawa gare shi, da ɗiya waɗanda jagora yake saƙawa a kansa. Littafin Ames da King na 1971 ya tattara ɗimbin kalmomin kiɗan Hausa, Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya tsara hanyar nazari a Jagoran Nazarin Waƙar Baka.

4.0 Inda Aron Yake Ɓatarwa

Babban kuskure shi ne daidaita koras da 'yan amshi. Koras 'yan wasa ne masu wakiltar jama'a, kamar sojoji ko mutanen gari, kuma abin da aka rubuta musu suke rerawa. 'Yan amshin kotso kuwa su ne makaɗan. Su ke riƙe gindin waƙa, su karɓi ɗa daga bakin jagora, wani lokaci su yi masa ƙari. Haka nan kiran matanin waƙa libireto yana ɓoye cewa makaɗi da yaransa su ne masu shiryawa da kaɗawa da rerawa, kuma yakan sauya ɗiya gwargwadon wanda ya tarar a fada. Idan malami a Matsinkai ko Bagudo ya sa ɗalibansa su saurari Sani Aliyu Ɗandawo na Yawuri, tambayar ko muryarsa tena ce ba za ta buɗe musu komai ba. Tambayar da za ta amfane su ita ce: a ina jagora ya tsaya, me 'yan amshi suka ƙara, wa aka yaba, wa aka yi wa zambo?

5.0 Kammalawa

Ba a hana koyar da kalmomin ofera ba, amma a koyar da su a muhallinsu. Wajen nazarin waƙar fada, wajibi ne a fara da kalmomin da makaɗan da kansu suke amfani da su, a tattara su daga bakin waɗanda suka rage tun suna raye.